Robar Hanci Don Rage Ƙiba: Amsa Ga Hajiya Mai Ciwon Suga Daga Jega

Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 48, ina sayar da atamfa da leshi a gida a nan Jega. Shekara huɗu ke nan da aka gano ina da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide, kuma ina shan maganin hawan jini. Nauyina kilo 104, tsawona mita 1.6. Gwiwoyina sun gaji har ta kai a kan kujera nake salla, ga shi ina da niyyar Umara nan da wata bakwai, kuma burina in yi ɗawafi da ƙafafuna ba tare da an tura ni a keke ba. 'Yar ƙanwata ta nuna mini bidiyo a waya na wasu matan ƙasar waje da ake zura wa roba ta hanci har ciki, ana ba su abinci ta nan kwana goma ba su cin komai da baki, su zubar da kilo tara. Wani mai kemis da ya taɓa aikin asibiti ya ce zai iya sa mini a gida, ya riƙa haɗa mini madarar. Maigida bai yarda ba, ni kuma na gaji da fara rage abinci ina kasawa. Ina neman shawararka.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara miki lafiya, ya kuma kai ki Ɗakinsa da ƙafafunki kamar yadda kike fata. Kada ki yarda a zura miki wannan roba, balle a gida, balle kuma kina kan magungunan da kika ambata. A wannan gaɓa maigida ne ke da gaskiya. Sai dai hani shi kaɗai ba zai amfane ki ba, domin abin da ya ja hankalinki zuwa ga robar yana da tushe, kuma akwai hanyar samun amfaninsa ba tare da an taɓa hancinki ba.

Bidiyon da aka nuna miki ba ƙarya ba ne baki ɗaya. Wani likitan tiyata na jami'ar birnin Rum a Italiya, Gianfranco Cappello, shi ne ya shahara da wannan hanya, kuma a shekarar 2012 ya wallafa sakamakon mutum fiye da 19,000 da ya yi wa, inda ya ce sun rage kimanin kilo 10 a matsakaici bayan zagaye biyu zuwa uku na kwana goma-goma. A wannan shekarar ne kuma jaridun Amurka suka yi ta yayata wani likita a jihar Florida da ke karɓar dala 1,500 yana sa wa mata robar, da yawansu amare masu son rigar bikinsu ta shige su. Ana rataya wa mutum jaka da ɗan inji, injin yana ɗiga ruwan furotin da mai cikin tumbi dare da rana, kimanin kalori 800 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a yini a tsarin Amurka, babu sitaci ko suga ko kaɗan. Rahoton na Italiya yana da rauni babba: mai hanyar ne da kansa ya ba da labarin hanyarsa, kuma bai ware wani rukuni na mutanen da suka sha wannan ruwan da baki ba domin a kwatanta. Da an yi haka, da an ga ko robar tana da wani tasiri nata na kanta.

Ni a fahimtata ba ta da shi. Roba ba ta narkar da kitse. Kitse yana raguwa ne idan abin da ya shiga jiki bai kai abin da jiki ya ƙona ba, kuma tumbi bai san ko ta baki abu ya zo masa ko ta hanci ba. Aikin robar ɗaya ne: ta ɗaure wa mutum hannu, ta sa ya ji nauyin cin abinci a gaban mutane, ta ɗauke masa wahalar yanke shawara a kan kowace loma. Na fahimci dalilin da ya sa wannan ya burge ki, tunda kin ce kin sha farawa kina kasawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake ɗora tukunya sau uku a rana ya san cewa ƙin ci ya fi wuya a kan wadda take raba tuwon da hannunta.

Yanzu mu yi lissafi a kan kilo taran nan. Mace mai shekarunki da nauyinki tana ƙona abin da ya kai kalori 2,200 a yini, ko kusa da haka. Idan aka ba ta 800, giɓin ya zama 1,400, a kwana goma 14,000. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ke nan kitsen da zai tafi a kwana goman bai cika kilo biyu ba. Sauran abin da sikeli ke nunawa ruwa ne, da abin da ya fita daga hanji, da wani ɓangare na tsoka. Dalili shi ne jiki yana da sugan ajiya a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Idan aka yanke sitaci, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari, sai mutum ya ga ya yi sakayau cikin 'yan kwanaki. Ranar da ya ci tuwon shinkafa, ajiyar za ta dawo da ruwanta. Kin san wannan da kanki daga watan azumi: mutane da yawa sukan faɗa a goman farko, kafin a gama sittu shawwal sun koma yadda suke.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da ban tsananta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne glibenclamide. Wannan magani yana tilasta wa pankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ta fitar da insulin ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa a jiki. Idan aka yanke miki sitaci gaba ɗaya kina ci gaba da shan sa, suganki zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko ƙasa da 3.9 idan na'urarki mai ƙananan lambobi ce. Alamun farko su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya da yunwa mai tsanani, daga nan sai ruɗewa, sai suma, kuma yana iya faruwa cikin dare kina barci babu wanda ya sani. Faɗuwar suga da wannan magani ya haddasa tana iya dawowa bayan an farfaɗo da mutum, shi ya sa ake kwantar da irin waɗannan marasa lafiya a asibiti ana sa musu ido. Maganin hawan jininki ma yana da nasa rikicin, domin idan jiki ya zubar da ruwa da gishiri da yawa jini yakan sauka fiye da kima, a samu jiri da faɗuwa, ƙoda kuma ta wahala. Idan ƙodar ta riga ta fara taɓuwa, abin da ciwon suga da hawan jini kan yi a ɓoye shekara da shekaru, to furotin mai yawa da ƙarancin ruwa za su ƙara mata nauyi, kuma metformin kansa yana zama haɗari idan ƙoda ta raunana.

Akwai kuma batun sinadarin kiton. Wannan tsari da gangan yake sa jiki ya koma ƙona kitse har kiton ya taru a jini, shi ne ke rage yunwa, shi ne kuma ke kawo warin baki da kasala da taurin bayan gida da masu yin sa ke kuka da su. Ga mai lafiya, insulin ɗin jikinsa yana tsayar da kiton a iyakarsa. Ga mai ciwon suga wanda insulin ɗinsa ya yi ƙaranci, ko mai shan sababbin magungunan nan da ke fitar da suga ta fitsari irin su empagliflozin da dapagliflozin, kiton yana iya wuce iyaka har jini ya yi tsami, a samu amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, kuma wannan yana kisa idan ba a kai mutum asibiti da wuri ba. Na ambaci wannan ne saboda sauran masu karatu da ƙila suke kan waɗannan magunguna ko allurar insulin.

Sai ita kanta robar. A maƙogwaro hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi tumbi, ɗaya ta nufi huhu, kuma siririyar roba tana iya bin hanyar huhu ba tare da mutum ya yi wani tari mai yawa ba. Idan aka ɗura madara a huhu, abin da ke biyo baya shi ne ciwon huhu mai tsanani ko mutuwa. Saboda haka a asibitin da ya san aikinsa ba a fara ba da komai sai an zuƙo ruwan ciki an gwada tsaminsa da takardar gwaji, ko an ɗauki hoton ƙirji. Tsohuwar dabarar nan ta hura iska da sirinji a saurara da abin jin bugun zuciya an daɗe da gano cewa tana yaudara, kuma ita ce kusan kullum abin da mai aiki a gida zai dogara da shi. Hukumar lafiya ta Ingila ta sanya ciyar da mutum ta robar da ta ɓace hanya cikin jerin kurakuran da ba a yarda su faru ba ko sau ɗaya, kuma duk da ƙwarewarsu da kayan aikinsu yana faruwa a can. Robar da ta zauna daidai yau tana iya zamewa gobe da tari ko amai. Wasu masu ciwon suga kuma tumbinsu yana jinkirin sauke abinci, sai abin da ake ɗigawa ya taru ya taso cikin barci. Ki ƙara da haɓo da ciwon hanci, ki ƙara da madarar da aka haɗa da hannu aka rataye sa'o'i a zafin Jega, sannan ki tambayi kanki wa zai amsa idan abu ya lalace ƙarfe biyu na dare. Ban san mai kemis ɗin nan ba, ba kuma na zarginsa da mugun nufi, amma wanda ya san haɗarin wannan aiki da gaske ba zai yi tayin yin sa a ɗakin mutum ba.

Robar hanci kayan ceton rai ce a wurin da ya dace. Da ita ake ciyar da wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana haɗiya, da wanda ke kwance bai san inda kansa yake ba, da jariran da aka haifa bakwaini. Nan kusa da ke a Maiyama, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa, da ita ake ɗura wa yaron da ya kasa tsotsa madarar magani har ya farfaɗo. A duk waɗannan an karɓi haɗarin robar ne saboda babu wata hanya. Ke kuwa, alhamdu lillahi, bakinki da maƙoshinki lafiya lau suke.

To ina tushen gaskiyar da na ce akwai? Yana cikin wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, ƙarƙashin Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow, wanda aka wallafa a ƙarshen 2017. Sun ɗauki mutum wajen 300 masu ƙiba waɗanda ciwon sugansu bai wuce shekara shida ba kuma ba sa allurar insulin, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya ya ci gaba da kulawar da aka saba, ɗaya kuma aka sa shi a kan abincin ruwa na musamman mai kalori 825 zuwa 853 a yini na wata uku zuwa biyar, da baki suke sha, sannan aka dawo musu da abinci sannu a hankali cikin makonni, aka ci gaba da bibiyarsu. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin ɗari na rukunin nan sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, alhali a ɗaya rukunin kashi 4 ne kacal. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu wannan sauƙi. Bayan shekara biyu kashi 46 ɗin nan ya sauka zuwa kashi 36, saboda wasu nauyin ya dawo musu. An yi makamancinsa a Ƙatar, aka wallafa a 2020, a kan mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka waɗanda ciwonsu bai wuce shekara uku ba, aka samu kashi 61. Bayanin Taylor shi ne kitsen da ya taru a hanta da pankiriyas ne ke toshe aikin insulin, kuma idan ya ragu gaɓoɓin sukan farfaɗo, musamman idan ciwon bai tsufa ba. Naki shekara huɗu ne, saboda haka ƙofar ba ta rufe miki ba.

Ki lura da abubuwa biyu a binciken na DiRECT. Tun ranar farko likitoci suka dakatar wa masu shan abincin ruwan magungunan suga da na hawan jini, suka riƙa auna su, suna mayar da magani ga wanda ya buƙata. Sannan watanni aka yi, kuma mafi yawan aikin ya zo ne bayan an koma cin abinci. Tsarin roba ba shi da amsa ga rana ta goma sha ɗaya, ranar da za a zare ta ki koma madafinki da kwanonki da baƙin da ke zuwa sayen atamfa ana kawo musu lemo. Kuma a sani, abin da aka samu lafawar ciwo ce, ba rabuwa da shi har abada ba. Idan nauyi ya dawo, shi ma yakan dawo.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki je wurin likitan da ke duba masu ciwon suga, ko a Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Jega, ki tafi da duk magungunanki a cikin kwalayensu, har da na gargajiya idan kina sha. Ki faɗa masa a fili cewa kina son rage nauyi sosai cikin wata shida kuma kina son a daidaita miki magani a kan haka. Ki nemi a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganki na wata biyu zuwa uku, da gwajin ƙoda, a duba idanu da tafin ƙafa. Ki tambaye shi musamman ko za a rage glibenclamide ko a canza shi, domin ban da faɗar da suga, irin wannan magani yakan ƙara wa mutum ɗan nauyi, kuma mai yiwuwa yana cikin abin da ke sa ki kasawa: suga ya sauka, yunwa ta taso, ki ci, ki zargi kanki da rashin haƙuri. Kada ki daina shi da kanki. Ki nemi a haɗa ki da masanin abinci na asibitin, ki kuma mallaki na'urar gwajin suga a gida. Idan kika ji alamun faɗuwar suga, ki sha ƙaramin cokali uku na suga a ruwa, ki sake gwadawa bayan minti 15, ki sanar da likita a ranar.

Game da abinci, ba sai kin sayi garin Turai mai tsada ba kafin ki ga canji. Ki fara da abin sha, domin nan ne suga ke shiga ba a ji ba: kwalbar lemo ta roba mai rabin lita tana ɗauke da suga da ya kai ƙaramin cokali 13, kuma lemon malt da mutane ke ɗauka na marasa lafiya ne shi ma suga ne, haka kunun zaƙi da zoɓo da furar da aka zuba wa suga da shayin safe mai madarar gwangwani. Zuma da dabino suna da albarka, amma suna ɗaga suga kamar sauran kayan zaƙi. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu na cewa tuwon alkama ko na acca ba ya cutar da mai suga, sai mutum ya ci malmala biyu da kwanciyar hankali. Dukansu sitaci ne, kuma yawan ya fi irin hatsin muhimmanci. Ki mayar da tuwonki, na shinkafa ne ko na dawa, ya zama kamar dunƙulen hannunki, miya ta fi tuwo yawa, rabin kwanon ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa. Allah ya hore wa Kabi kifi, ki ci shi gasasshe ko a miya maimakon soyayye, tare da wake da ƙwai da nono marar suga. Ki riƙa auna mai da cokali, domin babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kalori 120 ne, kuma masa da ƙosai da fanke mai suke sha. Ki zuba naki a ƙaramin kwano kafin ki raba na gida, kuma tunda maigida ya hana robar, ki roƙe shi ya taya ki da nasa rabon: a daina ajiye katan ɗin lemo a ɗakinki, baƙi a ba su ruwa mai sanyi.

Da irin wannan tsari, rage kimanin rabin kilo a mako abu ne mai yiwuwa, wato kilo 10 zuwa 15 kafin tafiyarki idan kin dage. Ko kilo 5 zuwa 10 kika rage, suga da hawan jini za su nuna, gwiwoyi kuma za su fi kowa saurin godiya, domin kowane kilo da ya sauka yana rage musu nauyin da ya ninka shi wajen sau huɗu a kowane taku. Idan likita ya ga kin dace da tsari mai tsauri irin na DiRECT, shi zai tsara shi ya sa ido, ya kuma gargaɗe ki cewa saurin ramewa yakan haifar da tsakuwa a matsarmama. Akwai allurai irin su semaglutide da ke rage suga da nauyi tare, waɗanda a wani babban gwaji na masu ciwon suga suka rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyi a mako 68, sai dai suna da tsada ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa akwai jabunsu a kasuwa, saboda haka ba abin saye ta waya ba ne. Da nauyinki da tsawonki ma'aunin ƙibarki ya haura 40, matakin da likitoci ke tattauna tiyatar rage tumbi, amma wannan magana ce ta gaba idan sauran hanyoyin sun gaza.

Batun salla a kujera kada ya dame ki, domin shari'a ta yi rangwame ga wanda ya kasa tsayuwa, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Idan ta kama a tura ki a keke, Umararki ta yi. Amma tunda burinki ki taka, to ki san abin da kike shirya wa: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya ɗan haura kilomita uku, ban da ɗawafin kansa. Ki fara da tafiyar minti goma a tsakar gida bayan kowane cin abinci, da takalmi mai laushi wanda ya rufe ƙafa, kina duba tafin ƙafarki kowane dare ko akwai ƙuje ko kumburi. Duk mako biyu ki ƙara minti biyar a tafiyar yamma, ki ja 'yar ƙanwar taki ta riƙa raka ki tana riƙe da agogo, har ku kai minti arba'in ba tare da kin zauna ba.